Kafin Ki Taka Ƙofar Banki: Shawara ga Masu Ƙaramin Jari a Magarya da Dungas

Ƙanwata, in kina matsar man gyaɗa a Magarya, ko kina turkar raguna a Dungas, ko kina sarin wake da riɗi a ƙauyukan Sasumburum da Dogo-Dogo, na san abin da ke cin ranki. Kasuwa tana nan, masu saye suna nan, jari ne ya yi kaɗan. Kuma kin ji ana cewa banki na ba da bashi.

Yana bayarwa. Sai dai ba yawan buƙatarki yake dubawa ba. Abu ɗaya yake so ya gani: ranar biya, daga ina kuɗin za su fito? Wadda ta zo da amsa a rubuce ita ake kira ta sa hannu. Wadda ta zo da baki kawai, sai a ce ta dawo wata mai zuwa. Ga yadda za ki shirya taki amsar. Kai ma ƙanena mai garkar rake a Bande ko Waca, kar ka wuce, har da kai nake.

1. Gobe da safe, sayi kaye da bik.

Kaye irin na 'yan lakwal ya isa. Raba kowane shafi gida uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin da kike bin mutane. Ki rubuta kullum kafin ki kwanta, ko da cinikin ranar bai wuce dala ɗari ba.

Ba ki yi boko ba? Rubuta da ajami. In shi ma babu, zaunar da ɗanki bayan magariba, kina faɗa yana rubutawa.

Kar ki tsallake ƙananan kuɗin nan masu zurarewa ba a ankara ba: niƙa, itace, kuɗin amalanke, tikitin kasuwa, la'adar dillali, katin waya. A nan ribar mutane da yawa take ƙarewa.

Ki yi jaka biyu, ta sana'a daban, ta cefane daban. Yanka wa kanki abin da za ki ɗauka kowane mako, ki rubuta shi a gidan abin da ya fita. In kin ƙara ɗauka, shi ma rubuta.

2. Gano ribar zagaye ɗaya.

Bayan mako huɗu, ɗauki buhun gyaɗa ɗaya ki bi shi tun daga saye har sayar da litar mai ta ƙarshe da ƙuli-ƙulin ƙarshe. A ce komai da komai ya ci jika 40, kika tashi da jika 46. Ribarki jika 6 ke nan. In kina zagaye huɗu a wata, jika 24.

Shawarata: abin da za ki riƙa biya duk wata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ribar watan da kasuwa ta fi mutuwa. Da watan wahala za ki auna, ba da watan sallah ba.

Sannan ki tambayi kanki gaskiya. In man da kike matsewa yanzu ma yana kwana bai ƙare ba, ba jari ne matsalarki ba, masu saye ne. Nemi mai tuyar ƙosai biyu, ko mai kanti, ko mai abinci a tasha da za su riƙa karɓa duk mako. In sun fara cewa man bai ishe su ba, to lokacin neman bashi ya yi.

3. Bashin sefa ne, ciniki kuwa na naira. Riƙe wannan da kyau.

Mu mutanen bakin iyaka wannan ya fi shafa. Banki sefa zai ba ki, sefa kuma zai karɓa. Amma ragon Dungas kasuwar Maigatari yake nufa ranar Alhamis. Kayan Magarya ta Tinkim suke bi su shiga Babban Mutum, su wuce Daura da Kano. Naira ake miƙo miki.

Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta cika tangal-tangal ba. Naira kuwa, daga Yunin 2023 da gwamnatin Najeriya ta bar kasuwa ta yanka mata farashi zuwa farkon 2024, ta zubar da wajen rabin darajarta a hannun 'yan canji. Duk wadda ke da bashin sefa a wuyanta lokacin, tana kuma sayarwa da naira, ta ji a jikinta.

Ga lissafin. A ce kin ci bashin jika 200 ranar da jika ɗaya take naira 2,500. Naira 500,000 ke nan. Ranar biya jika ta koma naira 2,800. Yanzu sai kin nemo naira 560,000, tun ba a yi maganar kuɗin ruwa ba. Ragunanki ba su rame ba, kasuwa ba ta ƙi ki ba, amma naira 60,000 ta tafi.

Saboda haka, ranar da kika sayar da naira, ranar za ki canza rabon bashi ya koma sefa. Kar ki ajiye kina jiran canji ya gyaru.

A kaye, kusa da kowane ciniki na naira, rubuta canjin ranar. Da sefa za ki fara yanke farashi a ranki, sannan ki juya shi zuwa naira a gaban mai saye.

Ki kuma samu kasuwa ta biyu a cikin gida, ko Damagaram, ko Mirya, ko Matamai. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Iyaka na rufe, amma ranar biyan bashi ba ta matsa ba.

In kuwa taki sana'ar akasin haka ce, kina saro kaya a Kano da naira kina sayarwa nan da sefa, faɗuwar naira tana iya yi miki rana. Faɗa wa ma'aikacin bashi wannan, maki ne a gare ki.

4. Fara daga ƙofar da ta dace da girmanki.

Ƙofa uku ce, kuma da wuya a tsallaka ta farko a faɗa ta uku.

Ta farko adashe, ko ƙungiya irin ta Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta fara wannan tsari a jihar Maraɗi a 1991: mata su zuba kowane mako cikin akwati mai kwaɗo, su ranta wa juna, ƙarshen shekara su raba. Daga ƙasarmu ya bazu zuwa ƙasashe da dama. In jarin da kike nema bai wuce jika 20 ko 30 ba, nan ne wurinki. Ki roƙi magatakardar ƙungiya ta riƙa rubuta zubinki da biyanki, shaida ce gobe.

Ta biyu asusun ajiya da bashi, waɗannan ƙananan cibiyoyin kuɗi da ma'aikatansu ke zagaya kasuwanni a kan babur. Kafin ki ajiye ko dala, nemi a nuna miki takardar izininsu daga ma'aikatar kuɗi. Hukumar ARSM ce ke sa ido a kansu. Ki kuma tambayi mata uku da suka riga ki ajiya: in sun je cire kuɗinsu, ana ba su nan take ko ana ce musu gobe?

Ta uku manyan bankuna: BAGRI mai kula da harkar noma da kiwo, SONIBANK, BIA, BOA, Ecobank, da Bankin Musulunci na Nijar. Galibin rassansu a birnin Damagaram suke, don haka kuɗin mota zuwa da dawowa, sau biyu ko uku, yana cikin tsadar bashin. In abin da kike nema kaɗan ne, hanya ma ta cinye ribar.

Asusu da yawa sun fi son ba da bashi ga rukuni, kowa ya tsaya wa kowa. Ma'anarsa, in ɗaya ta kasa ke za ki biya. Kar kunya ta sa ki shiga rukuni da wadda kika san ba ta biyan bashin gishiri ma, ko da 'yar ɗakinku ce.

5. Buɗe konti wata shida kafin ki nemi komai.

Ki riƙa zuba wani abu duk ranar kasuwa, ko jika ɗaya ce. Yawan zuwan ya fi yawan kuɗin amfani, domin shi ke nuna cewa sana'ar tana motsi. Sau da yawa ma sai kin ajiye wani kaso na abin da kike nema kafin a ba ki.

In mai saye ya turo miki kuɗi ta NITA, ko Amana, ko Al Izza, ko ta waya, kar ki yar da rasit, kar ki goge saƙon. Samu leda mai kauri ki tara su wata-wata.

6. Haɗa takardu tun ba a tambaye ki ba.

Katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, takardar haihuwa, hotuna, takardar shaidar wurin zama. Kowanne ki yi masa kwafi biyu.

Gona ko garka da kika gada, ko aka ba ki, ko kika saya, tana buƙatar takarda. Dokar karkara ta 1993 ce ta kawo kwamitocin filaye, kuma yau akwai su a ƙauye, a komin, da gunduma. Fara da mai gari da kwamitin ƙauyenku, a rubuta shaidar mallaka da shaidu, ki kai komin a shigar. Ko ba ki jinginar da ita ba, mai ba da bashin noma zai so ya tabbata cewa ba za a tashe ki daga filin ana tsakiyar aiki ba. Mata musamman, in miji ko wa ne ya ara miki filin, a rubuta aron da adadin shekarunsa.

In sana'ar ta kai ta shago, ko kina son ki riƙa sayar wa makarantu da ƙungiyoyi, yi rajistar kasuwanci ki karɓi lambar haraji, wadda ake kira NIF. Tambayi ofishin 'yan kasuwa a Damagaram.

In ku da yawa ne, ku yi rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa. A dokar OHADA mutum biyar sun isa kafa ƙarama. Ƙungiya mai takarda da konti ana sauraronta fiye da mutum ɗaya.

7. Jingina: kar ki ɗora gidanki a kan ƙaramin bashi.

Bashin jika 150 bai kai a ba da takardar gida ko ta gonar da ke ciyar da ku ba. Tambayi abin da za su karɓa maimakonta: ajiyarki, mai tsaya miki, ko injin da za a saya da kuɗin.

Ga masu wake, gyaɗa da gero akwai hanyar da na fi so, wadda ma'aikata ke kira warantaj. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake yin ta a Nijar. Da kaka, lokacin da tiya ta faɗi ƙasa, ƙungiya ta zuba buhunanta a mangaza, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da bashi. A ba ku wani kaso mai tsoka na kuɗin kayan bisa farashin kaka. Ku yi turka ko noman rani da kuɗin, ku biya, a buɗe mangaza da bazara lokacin da hatsi ya saba tsada.

Abu biyu za ki kiyaye. Na ɗaya ƙwari: wake in ba a buhu mai leda biyu a ciki aka zuba shi aka ɗaure tam ba, gari za ki tarar. Na biyu, ba kowace shekara farashi ke hawa ba. In hukumar abinci ta gwamnati, OPVN, ta fito da hatsin farashi mai rahusa, ko aka hana fitar da hatsi waje kamar yadda gwamnati ta yi a Oktoban 2024, tiya tana iya tsayawa inda take. Saboda haka da ribar sana'ar da kika yi da kuɗin za ki shirya biya, tashin farashi in ya zo ƙari ne.

8. Tambayi bashin da ke tafe da tallafi.

Ƙanena mai garka, wannan naka ne. A 2017 gwamnati ta kafa asusun FISAN don zuba jari a noma da kiwo. Tsarin da aka saba shi ne ka kawo kashi 10 cikin 100, a tallafa da 40, banki ko asusu ya ranta maka 50. A ce rijiya da injin ban ruwa da shinge za su ci jika 500: naka 50, tallafi 200, bashi 250.

Ba kullum ƙofar take a buɗe ba, ya danganta da kuɗin da ke ƙasa. Je ka ofishin aikin gona na gunduma, ko majalisar manoma ta jiha, CRA, a Damagaram, ka tambayi abin da ke tafiya bana, da wanda zai taya ka rubuta dosiye. Kashi 10 ɗin nan kuma ka fara tara shi tun yau.

Duk wanda ya zo ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka a jerin masu samu, ba tare da rasit mai hatimi ba, rabu da shi.

9. Kafin ki sa hannu, tambaya huɗu.

Ta farko: nawa zan karɓa a hannuna? Kuɗin dosiye, inshora da ajiyar dole sukan fita tun kafin kuɗin su iso gare ki.

Ta biyu: jimilla nawa zan mayar? A rubuta miki lamba ɗaya, da jadawalin ranakun biya.

Ta uku: ruwan a kan me ake lissafa shi? A ce jika 100 ne, kashi 2 cikin 100 a wata, wata shida. In a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafi har ƙarshe, ruwan jika 12 ne. In a kan abin da ya rage bayan kowane biya ne, jika 7. Sunan ɗaya ne, bambancin jika 5.

Ta huɗu: in na makara kwana goma, nawa ne tara? In kuma na biya kafin lokaci, ana rage mini?

Ki sani akwai iyakar da doka ta sa. A Janairun 2014 ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka tsayar da ita a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusu, kuma har da kuɗaɗen gefe ake haɗa lissafin. Ce wa ma'aikacin ya nuna miki wannan lambar ta shekara a jikin takardar. Da Faransanci ake rubuta yarjejeniya, don haka tafi da wanda zai karanta miki layi-layi, kuma ki koma gida da kwafinki.

In zuciyarki ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, kar ki tilasta mata. Tambayi murabaha a Bankin Musulunci, ko duk inda ke da sashen kuɗin Musulunci: su sayi injin ko kayan, su sayar miki da ribar da kuka amince tun farko, ki biya kashi-kashi. Tambayoyin nan huɗu suna nan daram a can ma. Kai wa malaminki takardar kanta ya duba, ba labarinta ba.

10. Daidaita ranar biya da ranar da kuɗi ke shigowa.

Mai man gyaɗa tana ciniki kullum, biyan wata-wata ya dace da ita. Mai turka kuwa wata uku ko huɗu tana zuba dusa da harawa, ko dala ba ta shigowa. In aka ce ta fara biya bayan kwana talatin, da me? Nemi a ɗaga miki har bayan sayarwa, ki biya gaba ɗaya.

Sallar Layya tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ƙirga baya daga ranar, ki ƙara wata biyu na jiran dosiye. Kuɗin turka da suka fito saura mako uku sallah, ki bar musu abinsu. Haka kuɗin taki da suka zo bayan shuka ta yi nisa.

A cikin kuɗin turka ki ware na abinci da na allurar dabbobi tun farko. Gara raguna uku ƙosassu da biyar masu ƙashi a waje.

11. Ranar da kuɗi suka fito, kar su kwana a ɗaki.

Ki riga ki gama ciniki da mai gyaɗa ko mai injin tun jiya. Daga asusu sai wurinsa, ki karɓi rasit. Kuɗin da suka kwana uku a gida, sai biki ya taso, sai suna, sai ɗan'uwa ya zo da matsalar da ba za ki iya kawar da kai ba.

Wanda ya roƙa, faɗa masa gaskiya da fara'a: kuɗin mutane ne, sun riga sun zama kaya. Maigida kuwa ki zaunar da shi tun kafin ki nema, ya ga jadawalin biya da idonsa. Kar kuma ki karɓi bashi da sunanki ki miƙa wa wani, ko wane ne. Ƙofarki za a ƙwanƙwasa.

12. In abu ya karkace, ki riga su magana.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin ɓuya ba ne. Rago ya mutu, ko ruwa ya ci garka, ko an rufe iyaka? Je ki wurin ma'aikacin mako biyu kafin ranar biya, da kayenki a hannu, da abin da ya samu ko rabi ne. Roƙi a sake tsara miki ranakun, kuma a rubuta. Kashe waya shi ne mafi muni.

Kar ki ci sabon bashi wurin mai ba da kuɗi da ruwa a kasuwa don ki toshe na asusu. Gara ki sayar da akuya.

Tun 2016 ƙasashen sefa suke da ofishin tattara bayanan masu cin bashi, inda bankuna da manyan asusu ke aika sunan wanda ya biya da wanda ya makara. Abin da kika yi a Magarya ana iya ganinsa a Yamai. Wannan yana yi wa mai biya a kan lokaci aiki: ƙaramin bashi biyu da kika sauke lafiya su ne za su sa a saurare ki in kin nemi babba.

Ranar da kika yi biyan ƙarshe, kar ki fita sai an ba ki takardar shaidar kin gama, an kuma mayar miki da duk abin da kika jinginar. Duba ajiyar dolen da aka riƙe miki tun farko, ki tabbata ta dawo cikin kontinki.